Rigar farauta ga ɗan gayun birni: ta ina za a fara yanka?

Tela Mai Zane:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai aikin da nake so mu tattauna kafin in sa almakashi a yadi. Rigar farauta ta maza nake son fitarwa, amma ba don maharbin da ya tashi a daji ba. Mutumin da nake hange ɗan birni ne, ma'aikacin ofis, mai ido a kan sutura. Idan lokacin farauta ya kama yakan fita, sauran watannin kuma yana so ya saka rigar ya shiga gari ba a bi shi da kallo ba. Abin da na gani a kasuwa iri biyu ne. Ko dai burmemiyar riga mai zanen ganye da rassa, wadda ba ka isa ka shiga taro da ita ba, ko kuma riga mai kyan yanka da aka manna wa aljihunan ado, wadda ƙaya ɗaya za ta gama da ita. Shin riga ɗaya za ta ɗauki aiki biyun? In za ta ɗauka, me za a riƙe, me za a bari?

Baba Maharbi:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka tsallake tambayar farko. Wace farautar? Wanda zai zauna cik a maɓoya tun asuba yana dakon barewa cikin sanyi, ɗumi yake nema da yadin da ba ya motsin ƙara. Wanda zai bi karnuka yana keta sarƙaƙiya don tsuntsaye, gumi zai yi, kuma ƙaya ce abokiyar gabarsa. Wanda zai hau tsauni da jaka a baya, nauyi ne damuwarsa. Riga uku ke nan. Zaɓi ɗaya tukuna.

Tela Mai Zane:
Na gode Baba. Ta biyun nake nufi, farautar tsuntsaye da ƙafa, da ɗan sanɗar dabba idan ta kama. Ban da zaman maɓoya cikin ƙanƙara.

Abba Ɗan Kwalisa:
Yaya Tela, ni zan faɗa maka gaskiyar kasuwa, domin irina ne za su saya. Cikin masu saka rigar farauta ta kamfanin Barbour a titunan Landan, nawa ne suka taɓa riƙe bindiga? Abin da muke saye shi ne siffar. Ka matse ta a jiki, ka gajarta ta, ka cire wancan ƙaton aljihun baya da ke sa mutum ya kumbura. Launi kuma ka ba mu baƙi da shuɗi mai duhu, su ne ke shiga da kowane wando. Kada ka wahalar da kanka a kan daji.

Baba Maharbi:
Abba, in haka ne sai a kira ta rigar yawo, kowa ya huta. Amma ranar da aka rubuta mata sunan farauta, wani zai yarda ya shiga daji da ita. Wannan amana ce.

Hajiya Mai Yadi:
Abba ɗana, misalin da ka kawo ma shi ya kayar da maganarka. John Barbour ya buɗe kasuwancinsa a South Shields ta Ingila a 1894, yana sayar wa masunta da ma'aikatan jirgin ruwa kayan kare ruwa. Rigunan da kake gani a titi yau, Bedale da Beaufort, sun fito ne a farkon shekarun 1980. An gajarta Bedale saboda mai hawan doki, kada gindin rigar ya tokari sirdi. Beaufort kuma ta masu harbi ce, shi ya sa take da aljihun baya daga gefe zuwa gefe, da zif ta kowane ɓangare, don a zura tsuntsun da aka harbo. Kwalar nan mai laushi, mai layi-layi kamar karan-miski, da ku 'yan gayu kuke ɗagawa, an sa ta ne don kada yadi mai kaki ya goge wa mutum wuya da haɓa. Aljihunan gaba masu ciki an buɗa su ne don hannu ya shiga ya ɗebo harsashi ba tare da an duba ba.

Haka Filson a Amurka. A 1897 suka fara a Seattle, suna yi wa masu tafiya haƙar zinariya a Klondike kaya. Rigarsu Cruiser, da suka yi wa rajista a 1914, ta masu kewaya daji suna ƙiyasta katako ce, aljihun bayan na taswira ne. Ko rigar safari mai aljihu huɗu da ɗamara, sai da ta daɗe tana aiki a daji kafin mai zanen sutura Yves Saint Laurent ya kai ta dandalin ado a ƙarshen shekarun 1960. Duk cikinsu babu wadda aka zauna aka zana don birni. Birni ne ya gan su ya so. Tela, in ka cire dalilin ka bar siffar, mai ido zai gane, ko da bai iya faɗin abin da ya rasa ba.

Abba Ɗan Kwalisa:
Na ji Hajiya, ban musa tarihi ba. Amma ki yarda yawancin kayan farauta na yanzu ba su da fasali. Kamar an ɗinka wa mutum biyu.

Hajiya Mai Yadi:
Wannan kam na yarda. Laifin yanka ne, ba laifin farauta ba.

Oga Mai Almakashi:
To a nan ni zan shigo, domin nan ne sana'ar take. Tela ƙanena, yawancin masu ɗinki suna ganin idan ana so hannu ya sake, sai a faɗaɗa hammata a zurfafa ta. Akasin haka ne. Idan ramin hannu ya yi ƙasa, da ka ɗaga hannu duk rigar za ta biyo ka, gindinta ya tashi, kwala ta hau kunne, aljihu ya karkace. Idan ramin ya hau sama ya zauna daf da hammata, hannu zai juya shi kaɗai, jikin rigar na nan inda yake. Ka ga abin da Abba yake nema da abin da Baba yake nema sun haɗu a ɗinki ɗaya, riga ta zauna a jiki kuma ta bar mutum ya motsa.

Sauran sararin a baya ake ɓoye shi. Ka yi ninki mai zurfi a bayan kowace kafaɗa, daga sama zuwa kusan ƙugu, ka sa roba a cikin shafi da za ta ja shi ya rufe. Yana tsaye, bayan a shafe yake sumul. Ya miƙa hannu biyu gaba, ninkin ya buɗe. Ya sauke, ya koma. Rigar Norfolk ta Turawan Ingila tun ƙarni na 19 saboda matsalar nan aka yi mata ninki da ɗamara. Ka ƙara ƙyalle mai siffar lu'ulu'u a hammata, ka yanka hannun da ɗan lanƙwasa a gwiwa, kada ka yanka shi a miƙe.

Gwajin kuma mai sauƙi ne. Ba wa mutum rigar, ya rufe zif har wuya, ka ba shi sanda mai tsawon bindiga ya kai kafaɗa da sauri, sannan ya bi tsuntsu da ita daga hagu zuwa dama har sama da kai. Kai kuma ka tsaya a bayansa kana kallon kalmasar ƙasa. In ta tashi fiye da faɗin yatsu biyu ko uku, koma kan teburin yanka.

Baba Maharbi:
Allah ya yi maka albarka Oga. Ka ƙara masa da wannan. Ƙirjin ɓangaren da gindin bindiga ke sauka a bar shi fili. Ba maɓalli, ba aljihu, ba murfin aljihu, ba tambarin ƙarfe. Tsuntsu in ya tashi ba ya jira, kuma abu kaɗan ke kama gindin bindiga a hanya. Sannan kada ka cusa soso mai kauri a kafaɗar wai don rage dukan bindiga. Kaurin yana tura bindigar gaba, tsawon da mutum ya saba da shi daga kafaɗa zuwa kunama ya canza, ido ya bar layi. Fata siririya mai laushi ta isa, wadda ba ta da santsi kuma ba ta kamawa.

Likitan Dabbobi:
Bari in taɓa maganar launi, tunda Malam Abba ya nemi baƙi da shuɗi. Idon barewa da danginta ƙwayoyin gane launi iri biyu gare shi, namu uku. Shuɗi suna ganinsa tar, musamman da asuba da magariba, lokacin da aka fi haɗuwa da su. Ja da ruwan lemu kuwa ba sa rarrabe su da kyau, suna zame musu wani dusasshen launi. Saboda haka wandon jins ya fi tona asirin maharbi a kan hula mai ruwan lemu. Akwai kuma sinadarin ƙara haske da ake zubawa a garin sabulun wanki, wanda ke sa yadi ya riƙa fitar da shuɗin haske. Duk wanda zai yi sanɗa ya nemi sabulun da babu shi.

Tsuntsaye daban ne. Yawancinsu iri huɗu gare su, suna ganin launi fiye da mu. Shi ya sa masu farautar agwagwar daji da talotalon daji a Amurka suke rufe har fuska da hannu. Masu talotalo ma ana gargaɗinsu su guji ja da fari da shuɗi, don su ne launukan kan namijin, kada wani maharbi ya hango ya ɗauka shi ne.

Wani dalilin barin baƙi da shuɗi: inda ake da ƙudan tsando, launukan nan biyu su ne ke janyo shi. Tarkon da ake kafa masa ma da shuɗin yadi da baƙi ake yinsa.

Abba Ɗan Kwalisa:
To Likita, in shuɗi ya fita, sai mu koma mai dabbare-dabbare? Ni wallahi ba zan saka ganyen bishiya in je ofis ba.

Likitan Dabbobi:
Ba dole ba ne. Zanen ganye da rassa na zamani bai daɗe ba, kamfanonin da suka yi suna da shi, Realtree da Mossy Oak, duk a 1986 suka fara. Kafin su mutane sun yi ta farauta da ulu mara zane ko mai murabba'i. Abin da ke korar dabba shi ne wari da motsi da ƙara, sai kuma siffar mutum idan ta fito a dunƙule da launi ɗaya mai haske ko mai duhu ƙwarai. Ruwan ƙasa, ruwan zaitun, ruwan toka mai ɗan kore, duk suna aiki.

Lauya:
Yallabai Tela, in kana da niyyar sayarwa ƙetare, ka lura cewa akwai ƙasashen da doka ta hana farar hula saka yadin ɓad-da-kama irin na soja. Barbados da Jamaika da Trinidad suna ciki, haka wasu ƙasashen Afirka kamar Zambiya da Zimbabuwe, inda mafarauta ke zuwa daga nesa. Mai sayenka matafiyi ne. Rigar da za a karɓe a filin jirgi ba ta yi masa rana ba.

Hajiya Mai Yadi:
Shi ya sa nake son yadin ulun nan, tuwid. Masu manyan gandaye a Sikotlan tun ƙarni na 19 suke sa a saƙa wa ma'aikatansu ulu da launukan tsaunukan yankinsu. Ka kawo shi kusa da ido ka gani: abin da ka ɗauka kore ne daga nesa, zare ne kala-kala a murɗe, ga ruwan ƙasa, ga rawaya, ga ɗigon ja, ga toka. A daji yana narkewa cikin ciyawa, a gari kuma kwat ce ta mutunci. Harris Tweed har doka gare shi ta 1993, sai an saƙa shi da hannu a gidajen mutanen tsibiran Outer Hebrides kafin ya ci sunan. Akwai kuma loden na mutanen tsaunukan Ostiriya, ulu ne da ake bugawa cikin ruwa har ya cushe ya yi kauri. Ka goga hannu da hannu ba za ka ji ƙara ba. Ulu yana shan danshi kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa kafin ka ji shi a jiƙe, kuma ba ya riƙe warin gumi kamar foliyesta. Aibinsa, yana da nauyi idan ya sha ruwa sosai, ƙarangiya na maƙale masa, asu na cinsa, kuma a ƙasar zafi azaba ne.

Injiniya:
Hajiya, da girmamawa, kin yi wa ulu kara da yawa. Mutumin birni ya saba da riga mara nauyi da zai jefa a injin wanki. Tun da Bob Gore ya gano yadda ake miƙar da wata irin roba mai suna PTFE a 1969, aka fara sayar da Gore-Tex a 1976, an samu abin da ulu da kaki ba sa yi. Siririn shafi ne mai ƙofofin da ido ba ya gani, ɗigon ruwa ba ya ratsawa, tururin gumi yana fita. Sai dai in Tela zai bi nan, ya sani aikin ya wuce keken ɗinki. Kowane ramin allura ƙofar ruwa ce, dole a bi duk ɗinkin da tef ana mannawa da injin zafi. Ninkin bayan da Oga ya kwatanta ma yana ƙara wahalar mannawar. Kuma maganin da ake fesa wa saman yadi don ruwa ya gangare, wanda ya daɗe yana ɗauke da sinadaran PFAS masu wuyar ruɓewa, an fara hana shi. Jihohin Kalifoniya da New York na Amurka sun hana sayar da yawancin tufafi masu shi daga Janairun 2025. Ka tambayi mai sayar maka da yadi tun yanzu.

Baba Maharbi:
Injiniya, ƙarar fa? Na taɓa tafiya bayan wani saurayi mai irin rigar nan ta nailan. Asuba ce, iska ta kwanta. Duk takun da ya yi hannunsa na gogar haƙarƙari, shuu, shuu. Muka tsaya, ya buɗe aljihu mai Velcro, maɗaurin nan mai mannewa da ake ɓarewa, don ya ɗauko madubin hange, ƙarar ta keta dajin. Abin da muke bi tun duhu ya ɗaga kai sau ɗaya, sai ƙura.

Injiniya:
Gaskiya ne Baba, shi ya sa masu yin na farauta suke ɗora yadi mai gashi-gashi a sama don ya kashe ƙarar. Amma shi ma yana shan ruwa yana kwasar ƙarangiya. Kowanne da abin da ake biya.

Abba Ɗan Kwalisa:
Auduga mai kaki fa? Ita ce ta fi kyau a ido, tana tsufa da kyau, duk inda ta lanƙwasa sai ta yi haske.

Hajiya Mai Yadi:
Tana da kyau, tana kuma tare ƙaya da yayyafi. Amma a gaya wa mai saye gaskiya. Ba ta shiga injin wanki, ba sabulu, ba ruwan zafi, soso da ruwan sanyi kawai. Kusan duk shekara sai an sake shafa mata kaki. Sabuwa tana da wari, tana iya barin maiƙo a kujerar mota mai haske, kuma ba ta fitar da gumi. Mai nauyin oza 6 a kowane yadi murabba'i ita ce daidai da wanda zai yi tafiya, masu kauri sai ka ji kamar sun tsaya da kansu. In kana son tsaka-tsaki, duba irin yadin G-1000 na Fjällräven ta Suwidin, foliyesta kashi 65, auduga 35, saƙa mai matsi. Mai rigar ne ke goga masa kaki inda yake so, kafaɗa da gaban hannu, ya bi da dutsen guga. In lokacin zafi ya zo ya wanke kakin, rigar ta koma shan iska.

Tela Mai Zane:
Wannan na ƙarshen ya kwanta min, Hajiya. Ga inda na karkata. Yadi mai gauraye, ruwan zaitun da ruwan ƙasa mai duhu. Ramin hannu a sama da ninkin baya kamar yadda Oga ya ce. Aljihun harsashi biyu a ƙasa, amma cikinsu ya ninke ciki, su kwanta idan babu komai. Maɓallan ƙaho ko maganaɗisu a ɓoye, babu Velcro. Zif mai buɗewa ta sama da ta ƙasa saboda zama a mota. Aljihun baya zan bar shi, Abba ka yi haƙuri, amma shafinsa na roba zai zama mai cirewa a wanke jini da gashi, a gari kuma ya ɗauki jarida ko ƙaramar kwamfuta. Abin da ya rage min shi ne ruwan lemu. Ina tunanin ɗan ƙyalle da zai fito daga cikin kwala ya rufe kafaɗu.

Baba Maharbi:
A nan ne ba zan sassauta ba. Ruwan lemu ba don dabba ake saka shi ba, don ɗan'uwanka maharbi ne da ke ɗaya gefen kurmi, yatsansa a kan kunama. Rigar da kuka tsara ta iya ɓoye mutum, to ta ɓoye shi har ga mai bindiga. Ɗan ƙyalle a kafaɗa ba ya isa.

Lauya:
Baba ya yi daidai, kuma doka tana bayansa a wurare da yawa. A jihar Kolorado ta Amurka mai farautar manyan dabbobi da bindiga sai ya saka inci murabba'i 500 na ruwan lemu ko ruwan hoda mai ƙyalli a saman ƙugu, har da hular da ake gani ta kowane gefe, kuma mai dabbare-dabbare ba ya shiga lissafi. Jihar Pensilbaniya 250 take nema. Faransa ma ta wajabta riga mai ƙyalli a farautar taro ta manyan dabbobi. Ƙyallen kwala ba zai kai ko kusa ba.

Abba Ɗan Kwalisa:
A yi ta mai juyawa mana, ciki lemu, waje zaitun.

Oga Mai Almakashi:
Ana yi, amma ba a wannan ba. In ka juya ta, ninkin baya da fatar kafaɗa da aljihun harsashi duk sun koma ciki, a daidai ranar da ake buƙatarsu. Ka ɗinka falmaran daban, mara nauyi, mai ruwan lemu gaba da baya, da hula. A yanka ta a kan zanen rigar don ta zauna daidai, a tsaga ta inda bakin aljihu yake, a ba ta wurin zama a cikin aljihun baya. Kuma a sayar da su tare, kada a ce sai mai so.

Tela Mai Zane:
Na karɓa. Falmaran da hula a cikin kowace riga. Oga, fatar kafaɗa fa, dama kawai ko in yi na bahago daban?

Oga Mai Almakashi:
Sa ta duka biyun. Bahago ya samu, kuma rigar ta fi daidaita a ido. Sai dai hakan na nufin babu aljihun ƙirji a waje ko ɗaya, na waya ya koma ciki, can ƙasa da inda bindiga ke sauka.

Hajiya Mai Yadi:
Kuma kada ka yanka da yawa a karon farko. Ba'amurke L.L. Bean da ya fitar da takalmin farautarsa a 1912, ƙasa roba sama fata, cikin ɗari na farko casa'in aka dawo masa da su saboda ɗinkin ya rabu, ya mayar wa mutane kuɗinsu ya gyara. Ka wanke yadin kafin yanka ka auna yadda ya shige. Ka ɗinka 'yan kaɗan, ka raba wa masu shiga daji da gaske da masu zuwa ofis, a sha su kaka guda.

Baba Maharbi:
Turo min ɗaya, mai faɗin da zan iya saka rigar ulu a ciki. Ka bar kalmasar hannu a kwance da dogon zare tukuna, sai na ɗaga bindiga da ita zan gaya maka inda za ta tsaya.